Ɗaliban Amurka da ke tsayuwar awa 46 don yara masu ciwon daji: me kuka gani?

Baban Zahra (Kaduna):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani bidiyo ne ke ta yawo, na wani katafaren zauren wasanni a Amurka cike maƙil da matasa suna tsalle suna rawa. Can ƙarshe wasu suka jeru suka ɗaga alluna masu lambobi, wuri ya kaure da ihu, wasu har da kuka. An rubuta a ƙasa wai ɗaliban jami'a ne suka tara sama da dala miliyan 17 don yara masu ciwon daji. Abin ya ɗaure min kai. Ɗalibi da shi ma nema yake, ina ya ga miliyoyin daloli? Kuma me ya haɗa rawa da jinya? Halimatu, an ce makarantarku ce, ki warware mana.

Halimatu (Pensilbaniya):
Wa alaikumus salam Baba. Makarantarmu ce, Jami'ar Penn State, kuma sunan taron THON. In dai lambar da 17 ta fara, na watan Fabrairun 2025 ne, an tashi da dala miliyan 17.7 da 'yan kai. Na 2024 ya kusa miliyan 17, na 2023 kuma miliyan 15.

Sharaɗin taron tsayuwa ne. Ana zaɓar ɗalibai kimanin 700, su miƙe da ƙarfe 6 na yammacin Juma'a, ba zama ba barci sai ƙarfe 4 na yammacin Lahadi. Awa 46 ke nan, a zauren Bryce Jordan Center. A tsaye suke cin abinci. Duk awa ɗaya akwai wata rawa ta haɗin gwiwa da kowa ke yi tare, don jini ya motsa kuma barci ya saki mutane. Sauran lokacin wasa ne da yara, da kiɗa, da jawabai.

Kuɗin kuwa ba a waɗannan kwana ukun ake tara shi ba. Tun farkon shekarar karatu ɗalibai sama da 16,000 ke aikin sa kai: wasu na rubuta wa dangi wasiƙun neman gudummawa, wasu na sayar da kek, akwai tseren kilomita 5, akwai masu bin kamfanoni, ga shafukan tara kuɗi na intanet. Abin da ka gani a bidiyon ranar rufe littafi ce.

Duk abin da aka samu yana tafiya asusun Four Diamonds, a asibitin yara na jami'ar da ke garin Hershey, tafiyar kusan awa biyu a mota daga makaranta. Wani mutum Charles Millard da matarsa Irma suka kafa asusun a 1972 bayan ciwon daji ya ɗauke ɗansu Christopher yana shekara 14. Alƙawarin asusun shi ne, yaron da ake yi wa maganin daji a wannan asibiti, duk abin da inshora ba ta biya ba su za su biya. Iyaye ba sa ganin takardar bashi.

Baban Zahra (Kaduna):
Ikon Allah. Ko sisi ba sa biya? Tun yaushe ake wannan abu?

Halimatu (Pensilbaniya):
Kuɗin maganin dajin kam ba sa biya, Baba. An fara taron a 1973, mutum 78 ne suka shiga bibbiyu, suka yi awa 30, aka tara dala dubu biyu da ɗoriya aka ba wata ƙungiya mai kula da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Sai 1977 aka haɗa shi da Four Diamonds, kuma ba a sake rabuwa ba. Jimillar abin da aka tara tun lokacin ya haura dala miliyan 200.

Malam Sani (Zariya):
Halimatu, Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani. Niyyar taimakon yaro marar lafiya babu mai kushe ta. Amma ni zuciyata ba ta kwanta da sigar abin ba, kuma ba zan ɓoye ba. Yaro na kwance ana ɗura masa magani ta jijiya, uwarsa ta kwana ba ta runtsa ba, sai a ce hanyar tausaya musu ita ce a cika zaure da kiɗa da ihu, maza da mata a cakuɗe kwana biyu? Sannan a ɗaga lambar kuɗi sama duniya ta gani a yi tafi. Mu abin da aka tarbiyyantar da mu a kai shi ne hannun hagu kada ya san abin da na dama ya bayar. Ina tsoron kada yaranmu su ga wannan su ɗauka sai an yi biki ake yin alheri.

Maman Ikram (ma'aikaciyar jinya, Kano):
Malam, ka yi haƙuri in sa baki, don sashen yara nake aiki. Batun cakuɗuwa da kiɗa ba zan ja da kai ba, al'adarsu daban tamu daban, kuma ba wanda ya ce a kwaso shi yadda yake. Amma maganar cewa murna ba ta dace da yaro marar lafiya ba, a nan na saɓa maka.

Yaron da ya daɗe a gadon asibiti, abin da ke cin ransa ba ciwon kaɗai ba ne. Kowa ya shigo sai ya sauya fuska, a yi ta "sannu, sannu" da murya ƙasa-ƙasa, wasu su juya su share hawaye. Yaro yana gani, kuma yana ganewa. Akwai wani yaro da muka yi jinya, gashinsa duk ya zube saboda magani, ya daina magana da kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Wani ɗalibin likitanci ya zo da ludo ya baje a gefen gadon, ya ce sai sun buga. Yaron ya cinye shi, ya yi dariya har da buga katifa. Ran nan ya sha kunu kofi guda cur ba tare da an lallashe shi ba. Uwar ta bi ɗalibin har bakin ƙofa tana sa masa albarka. Ludo bai warkar da shi ba, amma a wannan yammacin an ɗauke shi a matsayin yaro, ba majinyaci ba.

Halimatu (Pensilbaniya):
Anti, abin da kika faɗa shi ne zuciyar lamarin. Bidiyon lambobi ne ke yawo, amma abin da ke riƙe da tsarin shi ne kowace ƙungiyar ɗalibai da ta cika sharuɗɗa ana haɗa ta da iyali ɗaya ko fiye daga cikin waɗanda asusun ke ɗaukar nauyinsu. Ba na rana ɗaya ba. Suna kai musu ziyara gida, su je bikin zagayowar haihuwar yaron, su kira a waya ranar da zai koma asibiti. Ɗalibai su gama karatu su tafi, sababbi su gaji iyalin. Akwai waɗanda aka haɗa tun yaro na goye, yanzu ya shiga sakandare.

To ranar taron, waɗannan yaran ne ke cika filin. Za ka ga yarinya 'yar shekara biyar, kai ba gashi, an goya ta a wuya tana fesa wa mutane ruwa da bindigar roba, ƙaton saurayi na gudu yana roƙonta ta yi masa rai. Shi kuma mai tsayuwar, zuwa daren Asabar ƙafafunsa sun kumbura, yana murza ƙwallon tanis a tafin ƙafa, wasu na tsoma ƙafa a ruwan ƙanƙara, masu kula da lafiyar 'yan wasa na naɗe musu idon sawu da bandeji. Kowane mai tsayuwa akwai ɗalibin da aka ɗora wa alhakin kula da shi, ya kawo masa ruwa, ya tausa masa kafaɗa, ya hana shi sulalewa. Da yawansu ba sa ma son a gaya musu ƙarfe nawa.

Kuma Malam, ba duka ne ihu ba. Gab da rufewa akwai lokacin iyalai. Iyaye kan hau dandamali su ba da labarin abin da suka gani, har da waɗanda 'ya'yansu suka rasu. Sai a nuna hotunan yaran da aka rasa ɗaya bayan ɗaya. Mutum dubu goma sha wani abu a zaure, ba ka jin komai sai shesshekar kuka. Na ga uwar da ɗanta ya rasu shekaru da suka wuce, amma duk shekara sai ta zo, ta ce nan ne kaɗai take jin ana kiran sunan ɗanta da ƙarfi.

Malam Sani (Zariya):
Wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Allah ya ba iyayen haƙuri. Ziyarar marar lafiya da ɗorewa a kanta, wannan namu ne tun asali, mu muka yi sakaci da shi. Amma ina nan kan bakana game da kiɗan da cakuɗuwar.

Alhaji Garba (Jos):
Malam, batun bayyana sadaka fa, kai ka fi ni sani, aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba wa wanda ya bayyana, sannan ta ce ɓoyewa ya fi. Kuma a nan ba mutum ɗaya ke cewa ga abin da na bayar ba. Kuɗin jama'a ne aka karɓa amana, faɗin adadinsa a bainar jama'a ai wajibi ne ma. Mu da muke ƙaddamar da gidauniya a kira manya a yi alƙawarin miliyoyi a lasifika, bayan wata shida ka tambayi nawa aka karɓa a hannu, sai a ce kana neman tada fitina. Wanne ya fi kusa da riya?

Dakta Bashir (Ohayo):
Ni ta wani gefen zan zo, don a nan nake aikin likita. Ina jinjina wa yaran nan, amma kada mu kalli miliyan 17 mu manta da tambayar da ke ƙarƙashinta: me ya sa a ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi kan lafiya, sai ɗalibai sun kumbura ƙafa kafin iyayen yaro mai ciwon daji su tsira daga bashi?

A Amurka yawancin mutane ta wurin aiki suke samun inshora. Akwai Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi tun 1965, akwai CHIP na yara tun 1997, duk da haka akwai kason da iyali ke biya daga aljihu. Maganin sankarar jini ta yara yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. A wannan tsakanin sau da yawa ɗaya daga cikin iyayen dole ya rage aiki ko ya ajiye, ga kuɗin mai, ga abinci a hanya, ga sauran yara a gida. A Ingila ko Faransa tsarin gwamnati ne ke ɗaukar kuɗin maganin, ba a jira sai an yi gangami.

Na biyu, kuɗin THON asibiti ɗaya yake zuwa. Yaron da aka haifa a yankin da ba jami'a mai ɗalibai dubu arba'in da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, shi wa zai tsaya masa? Sannan ciwon daji yana jan tausayi fiye da wasu cututtukan. Ku duba sikila: kusan mutum dubu ɗari ke fama da ita a Amurka, galibinsu baƙaƙen fata, kuma sanannen abu ne cewa kuɗin bincike da na taimako da take samu bai kai na wasu cututtukan da ba su kai ta yawa ba. Alherin da ya dogara ga wanda labarinsa ya fi ratsa zuciya, dole wani ya faɗo ta tsakiya.

Halimatu (Pensilbaniya):
Dakta, ban musa ko ɗaya ba. Ɗalibai a nan ma suna wannan muhawarar, har da ƙorafin cewa waɗanda suka fi samun damar shiga su ne 'ya'yan masu hali, don su ke da dangin da za a rubuta wa wasiƙa su turo dala ɗari biyar, kuma su ba sa aikin dare don biyan haya. Guraben tsayuwar ma gwargwadon abin da ƙungiya ta tara ake rabawa. In ka duba filin, irinmu baƙaƙe ba mu da yawa.

Amma abu biyu. Kaso mai tsoka na kuɗin bincike yake tafiya, kuma sakamakon bincike ba ya tsayawa a Hershey. Sannan asusun ne ke biyan ma'aikatan da inshora ba ta cika damuwa da su ba: masu kula da walwalar iyali, masu kwantar wa yaro hankali kafin a yi masa allura ko tiyata, masana abinci, masanan halayyar ɗan adam. Uwar da aka gaya wa sakamakon gwajin ɗanta yau ba za ta iya jiran majalisa ta gyara doka ba.

Dakta Bashir (Ohayo):
Haka ne. Fatana dai, cikin dubban ɗaliban nan da suka ga yadda takardar asibiti ke rusa gida, a samu waɗanda za su girma su zama masu gyara dokar. In abin ya tsaya a tara kuɗi duk Fabrairu shekara hamsin, ramin na nan.

Isufu (Maraɗi):
Ina gaida kowa. Wannan jami'ar kaɗai ke yi, ko ko'ina ne?

Dakta Bashir (Ohayo):
Ɗaruruwan makarantu ne, Malam Isufu, Penn State dai ta fi kowa tarawa. Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne na Jami'ar Indiyana. Akwai wani yaro Ryan White, an haife shi da lalurar rashin daskarewar jini. Ta hanyar maganin da ake haɗawa daga jinin mutane ya kamu da ƙanjamau, aka gano a 1984 yana shekara 13. Makarantarsu ta hana shi shiga aji, wasu iyaye suka tashi haiƙan kada ya zauna da 'ya'yansu, sai da aka je kotu. Daga baya iyalin suka bar garin Kokomo suka koma wani gari. Ya rasu a watan Afrilun 1990 yana shekara 18, kafin ya shiga jami'ar da yake buri. A shekarar ne majalisar Amurka ta yi dokar tallafa wa masu ƙanjamau, aka sa mata sunansa. Wata ƙawarsa, Jill Stewart, ita ta jagoranci fara irin wannan taron a Jami'ar Indiyana a 1991, awa 36, kuɗin na zuwa asibitin yara na Riley da ke Indiyanapolis inda aka yi jinyarsa.

Daga nan abin ya bazu ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Children's Miracle Network Hospitals, wadda aka kafa a 1983, tana haɗa asibitocin yara kimanin 170 a Amurka da Kanada. Ƙa'idarsu, kuɗin da aka tara a yanki yana zama a asibitin yankin. Jami'ar Ayowa na yin awa 24, ta Fulorida awa 26.2. Ta Northwestern da ke kusa da Shikago ta fara nata tun 1975, ita kuma duk shekara sabuwar ƙungiya take zaɓa ta ba.

Malam Nura (malamin tarihi, Katsina):
Bari in ƙara wani abu da zai ba ku mamaki. Asalin wannan gasar rawa ta juriya ba abin alfahari ba ne. Ta yi tashe a shekarun 1920, sannan lokacin karayar tattalin arziki na shekarun 1930 ta koma wani abu mai ban tausayi. Talakawa marasa aikin yi ke shiga saboda ana ba su abinci da wurin fakewa, da fatan cin kyautar kuɗi. Ana yin makonni, wani lokaci watanni, hutun minti 15 a kowace awa. 'Yan kallo na biyan kuɗin ƙofa su ga wanda zai fara zubewa. Har garuruwa da dama suka haramta ta. A wancan zamanin mai ƙoshi ne ke biya ya kalli mai yunwa yana wahala. Ɗaliban shekarun 1970 suka juya ta: mai lafiya ya ɗora wa kansa wahala da zaɓinsa saboda wanda bai zaɓi tasa ba.

Maman Ikram (ma'aikaciyar jinya, Kano):
Ni duk wannan lissafin daloli, abin da ke min ciwo daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan dubu 400 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu ba su kai 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa 60 cikin 100 nan da 2030.

Kuma ba wai ciwon namu ya fi nasu tsanani ba ne. Akwai wani nau'in ciwon daji da ke kumbura wa yaro muƙamuƙi ko ciki, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yana da alaƙa da yankunan zazzaɓin cizon sauro. Yana girma da sauri, amma yana jin magani sosai in an zo da wuri kuma an kammala. Matsalar ita ce kammalawar. Uba ya sayar da akuya an yi zagaye na farko, ya jinginar da gona an yi na biyu, kumburi ya sace, sai ya ce alhamdulillahi yaro ya samu sauƙi, a sallame mu. Ka yi bayani har ka gaji, ba taurin kai ba ne, aljihu ne ya ƙare. Bayan 'yan watanni a dawo da yaron, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wani lokacin abin da ya hana su dawowa ranar allura kuɗin mota ne kawai daga ƙauye.

Ga sikila, jarirai kusan dubu 150 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya. Abin da Dakta ya ce ana mantawa da ita a can, mu a nan kusan kowane dangi akwai mai ita.

Hajiya Ladidi (Kumasi):
Sannu da ƙoƙari 'yata, Allah ya biya ku. Mu nan Gana an saka nau'i huɗu na ciwon dajin yara cikin inshorar lafiya ta ƙasa, har da wannan na muƙamuƙi da kika ambata. An samu sauƙi, amma inshora ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya. Matan zango mu kan yi karo-karo in abu ya taso, sai dai na lokaci ɗaya ne, in an kai an gama.

Isufu (Maraɗi):
Mu ma a Nijar tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Dokar na nan, amma in magani ya yanke a kantin asibiti takarda za a rubuta maka ka fita waje ka saya.

Abba (ɗalibi, aji uku):
Iyayena da yayyena, ina ta karatu tun ɗazu. Mu ma fa ɗalibai muna da irin wannan, ranar da ake sa tsumma a fita titi da gwangwani, Rag Day. Asalinta don a kai gidan marayu ko asibiti ne. Yanzu kam gaskiya da yawa aljihunsu suke zubawa, shi ya sa mutane suka daina ba mu. Tambayata, me zai hana mu gyara ta mu yi irin na su Anti Halimatu?

Halimatu (Pensilbaniya):
Abba, gwangwanin titi kam kada ka fara da shi. Su ma nan sun yi shekaru suna yi, ɗalibai su cika motoci su tafi garuruwa masu nisa su tsaya a mahaɗar hanya. Ɗaliba ɗaya ta rasu a haɗarin mota a irin wannan tafiyar a 2011, wata kuma a 2015. A 2016 aka sanar za a janye shi, kuma aka janye. Mutane sun ɗauka kuɗin zai faɗi warwas, sai ga shi bayan 'yan shekaru ya zarce na da. Ko a 2021 da annobar korona ta hana taruwa, kowa ya tsaya a ɗakinsa aka haɗu ta intanet, an tara sama da miliyan 10.

Abin da zan ce ka ɗauka ba tsayuwar ba ce. Shugabannin taron ɗalibai ne, duk shekara sababbi, amma kwamitoci ba sa canzawa: na kuɗi, na hulɗa da iyalai, na tsaro, na abinci. Wanda zai sauka sai ya zaunar da magajinsa ya miƙa masa komai a rubuce. Kuɗi ba ya kwana a hannun ɗalibi, kuma duk shekara ana fitar da rahoton abin da ya shigo da abin da aka kashe, kowa na iya karantawa. Shekara kusan hamsin asusu ɗaya, asibiti ɗaya. Mu kuwa kowane sabon shugaban ƙungiya sai ya zo da nasa shirin da sunansa a jiki, ya sauka shirin ya bi shi.

Alhaji Garba (Jos):
Batun sigar taron kuma ba sai mun aro ba. Yaranmu na tashe da azumi, gida-gida, a yi dariya a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, ba wanda ya taɓa cewa wasa da neman taro ba sa haɗuwa. Ana iya yin gasar ƙwallo, ko tattaki, ko kacici-kacici tsakanin sassa.

Malam Sani (Zariya):
Ko musabaƙa, ko saukar karatu da ɗalibai za su yi a karɓa-karɓa, iyaye su zo su saurara su ba da abin da ya sauwaƙa. In aka yi haka ni da kaina zan yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Sharaɗina ɗaya: kada a ɗauki hoton yaro a kan gado, ciki a kumbure, a watsa a Facebook don a ja tausayi. Talauci bai cire wa iyayensa mutunci ba.

Dakta Bashir (Ohayo):
Wannan sharaɗin na sa hannu a kai, Malam. A nan ma ba a nuna yaro sai da rubutaccen izinin iyaye, kuma iyalin da ba ya son fitowa ana biya masa magani daidai da kowa. Amma Abba, ka amsa min tun yanzu: asusun da sunan wa za a buɗe, kuma mutum nawa ne za su sa hannu kafin a cire ko kwabo? In amsar ita ce asusun shugaba ko na ma'aji, ku dakata tukuna.

Abba (ɗalibi, aji uku):
Dakta, abin da nake tunani, kada kuɗin ya biyo ta hannunmu sam. A biya kai tsaye asusun asibiti da lambar katin yaron, mu rasit kawai za mu karɓa mu liƙa a allon sanarwa, a rufe sunan. Kuma mu fara da iyali biyu kacal, waɗanda za mu iya riƙewa har a gama magani. Zan kai maganar zaman ƙungiyarmu ta 'yan jiha. Maman Ikram, in mun zo asibiti wa za mu fara gani?

Maman Ikram (ma'aikaciyar jinya, Kano):
Ofishin walwalar marasa lafiya za ku nema, kowane babban asibiti na da shi, su suka san wanda ya fi buƙata da wanda ke shirin guduwa saboda kuɗi. Ku zo da takarda daga makaranta, ku gaida shugabar ma'aikatan jinya ta sashen kafin ku shiga wurin kowa. Kada ku zo ku ashirin lokaci ɗaya, yaran da ke kan maganin daji garkuwar jikinsu ta yi ƙasa, mai mura ko tari ya zauna a gida, sauran ku wanke hannu a bakin ƙofa. Ku ware wani abu daban na kuɗin mota da abincin mai jinya, don wannan ba ya shiga rasit ɗin asibiti.

Kuma tun kafin ku tara ko naira ɗaya akwai abin da kuke da shi. Yaran sikila da na daji kullum cikin neman jini suke, iyaye na yawo suna roƙo a bakin ɗakin gwaji. Duk wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma lafiyarsa ƙalau, zai iya bayarwa, namiji duk bayan wata uku. Ka rubuto min sunayen waɗanda suka yarda da rukunin jininsu in sun sani, ku karya kumallo sosai kafin ku taho.